Mene Ne Gyara na Goma Sha Huɗu a Amurka?

Duk sa'ad da muhawara ta tashi a Amurka game da 'ya'yan baƙi, sai a ji ana ambaton Gyara na Goma Sha Huɗu, wato ƙarin da aka yi wa kundin tsarin mulkin ƙasar a shekarar 1868, bayan yaƙin basasa ya kawar da bauta.

Sababinsa kuwa, a 1857 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci na zalunci a shari'ar wani bawa, Dred Scott, cewa baƙar fata, bawa ne ko ɗa, ba ya zama ɗan ƙasa. Sai wannan gyara ya rushe hukuncin, ya tabbatar da cewa duk wanda aka haifa a ƙasar, matuƙar yana ƙarƙashin ikon shari'arta, to ɗan ƙasa ne. Da wannan nassi kotun ta kafa hujja a 1898 ta ba Wong Kim Ark gaskiya, ɗan Sinawa haifaffen San Francisco, wanda aka tsare a tashar jirgin ruwa yayin da ya komo daga ƙasar Sin.

'Ya'yan jakadun ƙasashen waje dai ba sa cikin waɗanda nassin ya ba zama 'yan ƙasa. Sauya lafazin nassin kuma sai jihohi 38 daga cikin 50 sun amince.