"Aiko Ni Aka Yi": Daga Wasan Kwamfuta Zuwa Iyakar Seme

Da yawa daga cikinmu 'yan kasuwa ba mu san abin da yaranmu ke bugawa a shagunan PlayStation na Agontinkon da lungunan Zongon Kwatano ba, mun ɗauka ƙwallo ce kawai. To, ban da ƙwallo akwai wasannin yaƙi, kuma ɗaya daga cikinsu ya tayar da muhawarar da ta shafi sana'armu kai tsaye.

Wasan shi ne Call of Duty: Modern Warfare 2, wanda kamfanin Activision ya fitar a watan Nuwamba na 2009. A wani mataki nasa, mai wasa yakan zama wani sojan Amurka mai suna Joseph Allen, wanda maigidansa Janar Shepherd ya umarce shi da ya saje da ƙungiyar wani ɗan ta'adda, Makarov, don leƙen asiri. Sai ga shi riƙe da bindiga mai jigida a filin jirgin saman Mosko, abokan tafiyarsa suna buɗe wa fasinjoji wuta. Mai wasa na iya yin harbi, yana kuma iya bin su a baya ba tare da ya harbi fasinja ko ɗaya ba. Abin ya yi muni har aka cire matakin daga wasan da aka sayar a Rasha, a Jamus da Japan kuwa da zarar ka harbi farar hula ka faɗi.

Masu kare Allen sun ce umarni ya bi. Mu dai a ganinmu wannan hujja ba ta da ƙafa. Allen zane ne, ba shi da zuciya, amma yatsan da ke danna maɓallin na ɗan Adam ne, kuma an bar masa zaɓi. Ko a zahiri ma, dokar da ta kafa kotun Nuremberg a 1945 ta ce bin umarnin na gaba ba ya wanke mai laifi, iyakarsa a sassauta hukunci. Malamanmu na fiƙihu tuni suka ce ko tilasta wa mutum aka yi, bai halatta ya kashe wani don ya tsira ba.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne ƙarshen labarin. Ashe Makarov ya san ko wane ne Allen, sai ya harbe shi ya bar gawarsa a wurin don a ɗora wa Amurka laifi, daga baya kuma ta bayyana cewa da hannun shi Janar ɗin a makircin.

Wanda ya san hanyar Seme ko Malanville ya san irin wannan. Maigida ya ba yaro kwali a ɗaure, ya ce ka tsallaka da shi, kada ka buɗe. Idan aka buɗe a shinge aka tarar da tiramol, "aiko ni aka yi" ba ta hana ankwa. Tun 2018 Jamhuriyar Benin ta kafa kotun CRIET mai shari'ar irin waɗannan laifuka, kuma wanda aka kama da kaya a hannu shi ake fara gurfanarwa. Maigida kuwa, sau da yawa kafin a kai yaron caji ofis wayarsa ta daina shiga.