Wane kwikwiyo ne zai iya yi wa makaho jagora?

A Ingila da Amurka, karnuka kan yi wa makafi jagora, kuma jinsin Labrador da Golden Retriever aka fi ɗauka. Asalinsu karnukan farauta ne masu ɗauko wa maharbi tsuntsun da ya harbo, shi ya sa suke da saurin koyo da biyayya.

Amma jinsi kaɗai bai isa ba. Tilas a duba lafiyar iyayen kwikwiyon, musamman ƙugu da idanu, domin ana gadon cututtukansu. Sai kuma hali, wanda a ganina shi ne kan gaba: kwikwiyon da ƙarar mota ke firgitawa ba zai tsallakar da makaho titi lafiya ba. Renon karen jagora da horonsa kan ɗauki kusan shekara 2, kuma da yawansu ba sa kammalawa.