3.2 Yadda Ake Ƙera Jitar Lantarki Mai Jikin Ƙarfe

A wannan sashe za a yi bayani ne a kan matakan da maƙeri yake bi wajen haɗa jitar lantarki mai jikin ƙarfe da hannu. Amma kafin nan, ya dace a waiwayi asalin wannan sana'a a taƙaice.

3.2.1 Asali

A shekarar 1932 George Beauchamp da Adolph Rickenbacker suka fara sayar da jitar lantarki a birnin Los Angeles na ƙasar Amurka. Jikinta da wuyanta duka na zubin alminiyam ne, kuma saboda siffarta aka yi mata laƙabi da kaskon suya. Daga baya katako ya mamaye sana'ar, amma ƙarfe bai ɓace ba. Tsakanin 1974 da 1979 kamfanin Travis Bean ya ƙera jitoci masu wuyan alminiyam, sannan Bafaranshen maƙerin nan James Trussart ya shahara da jitoci masu jikin baƙin ƙarfe.

3.2.2 Zane da Awo

Matakin farko shi ne zana siffar jitar a takarda daidai da girmanta. Awon da ya fi muhimmanci shi ne tsawon tsirkiya, wato daga bakin wuya zuwa jaki. A tsarin Fender tsawon milimita 648 ne, kuma dole gaɓa ta 12 ta faɗo a tsakiya, wato a milimita 324. Idan aka kuskure wannan awo, komai kyan jitar ba za ta ba da amo daidai ba. Wannan kuwa ya fi tsanani a ƙarfe, domin ramin da aka huda a inda bai dace ba yana da wuyar cikewa fiye da na katako.

3.2.3 Zaɓen Ƙarfe da Haɗa Jiki

Babbar matsalar ƙarfe ita ce nauyi. Alminiyam ya ninka katakon da aka saba amfani da shi kusan sau 6, baƙin ƙarfe kuma ya ninka alminiyam kusan sau 3. Ke nan jikin da yake kilo 2 a katako zai kai kilo 12 idan aka yi shi da dunƙulallen alminiyam, abin da kafaɗar makaɗi ba za ta iya jurewa ba. Saboda haka ake barin cikin jitar da rami. Hanyoyi biyu ake bi. Ta farko, a rarake dunƙulen alminiyam a yi masa murfi. Ta biyu, a yanko fallen ƙarfe biyu, na gaba da na baya, a lanƙwasa wani siriri ya zagaye gefe, sannan a haɗe su da walda. Ana yin waldar ɗigo-ɗigo ne a wurare daban-daban, don kada zafi ya taru wuri ɗaya ya karkatar da fallen. Haka kuma ana ƙarfafa ƙarƙashin jaki da mahaɗar wuya, domin tsirkiyoyin nan 6 suna ja da ƙarfin kusan kilo 45. Daga nan sai a goge da magagari da sanfefa.

3.2.4 Haɗa Lantarki

Maɗaukin sauti maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai. Idan tsirkiya ta girgiza a kansa, sai ya haifar da ɗan ƙaramin lantarki da ake turawa amfilifaya. Jikin ƙarfe yana da amfani a nan, domin idan aka haɗa shi da wayar ƙasa yakan rage ƙugin da ke shiga cikin sauti. Sai dai akwai haɗari, tun da duk jikin jitar yana ɗaukar lantarki. Idan amfilifaya ta lalace, wuta tana iya bin jikin makaɗi. Keith Relf na ƙungiyar Yardbirds ya rasu a 1976 sakamakon jan lantarki yayin da yake kaɗa jita a gidansa. Don haka wajibi ne a gwada wayar ƙasa kafin a miƙa jitar ga mai ita.

A sashe na gaba za a duba yadda zafi da sanyi suke shafar saitin tsirkiyoyin irin wannan jita.