Dokta Hassan Gwarzo Da Lissafin Malaman Dā

Ɗaliban da ke koyon lissafi a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda ta fara aiki a 2001, ya kamata su san sunan marigayi Dokta Hassan Ibrahim Gwarzo. Jama'a sun fi saninsa da Alƙalin Alƙalai na Jihar Kano, amma tun kafin nan ya yi wa tarihin lissafi hidima.

A 1967 ya buga wani bincike a Ibadan a kan Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Bakatsine, masanin taurari da hisabi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Ya bayyana yadda malamin ya tsara ilmin ramzi, watau ɓoye shekara cikin haruffa, tun da kowane harafin Larabci yana da adadinsa. Wannan Bakatsine kuwa ya yi littafi a 1732 kan hatimi. A mafi ƙanƙantarsa, mai gida 9, akan jera 1 zuwa 9 yadda kowane layi, a tsaye, a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Abin da wasu ke ɗauka kayan tsubbu ne kurum, lalle akwai ƙa'idar lissafi a ƙarƙashinsa.

Gwarzo ya sami digirin dokta a Landan a 1972, kan Shehu Maghili, daga baya shari'a ta ɗauke shi. Irin waɗannan rubuce-rubuce kuwa ba sa karantuwa sai ga wanda ya haɗa Larabci da lissafi, alhali makarantunmu sun raba su aji daban-daban.