Sojojin Jiki da Sankarar Fata: Ina Rabon Manomin Garagumsa?

A shekarar 2015 tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda mutanen Damagaram suka sani saboda yaƙin da cibiyarsa ta yi da kurkunu da amodari, ya sanar da cewa sankarar fata mai suna melanoma ta kai masa hanta da ƙwaƙwalwa. Shekarunsa 90 a lokacin. Aka yi masa tiyata da gashi, aka kuma sa shi a kan wani sabon magani, pembrolizumab. Kafin shekarar ta fita likitoci sun nemi ciwon sun rasa, kuma sai a Disambar 2024 ya rasu, yana da shekara 100.

Maganin da aka ba shi ba ya taɓa sankara da kansa. A cikin jininmu akwai fararen ƙwayoyi, sojojin jiki, kuma wani rukuninsu da ake kira ƙwayoyin T aikinsu ke nan su yi ta sintiri, duk ƙwayar da suka ga ta ɓaci su hallaka ta. Don kada su wuce gona da iri su afka wa lafiyayyen nama, an halicce su da wani irin dabaibayi, kuma da shi sankara take ɗaure su ta ci gaba da yaɗuwa. James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan ne suka gano yadda za a kwance dabaibayin, abin da ya ba su kyautar Nobel a 2018.

Akwai wata hanyar da ta fi wannan ban mamaki. Tun a 1988 Steven Rosenberg, likitan tiyata a Cibiyar Sankara ta Ƙasar Amurka, ya nuna cewa idan aka yanko ƙarin, za a tarar da ƙwayoyin T a cikinsa, sun gane abokin gaba amma sun yi kaɗan kuma sun galabaita. Sai a tsamo su, a rene su a ɗakin gwaji har su kai biliyoyi. A ba majiyyaci magani mai ƙarfi da zai rage tsofaffin ƙwayoyin garkuwarsa don a samu fili, sannan a ɗura masa nasa sojojin ta jijiya. A wani gwaji da aka yi a Holan da Denmark kan mutum 168, wanda aka fitar a 2022, ciwon ya ja da baya a jikin kashi 49 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa haka, alhali masu karɓar ipilimumab, wani maganin kwance dabaibayi, kashi 21 ne. A Fabrairun 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan magani na farko, Amtagvi. A lokacin kuɗinsa dala 515,000 ne, wajen sefa miliyan 300, ban da kuɗin kwanciya.

To, a nan gida fa? Mutane da yawa sun ɗauka baƙar fata ba ta sankara, kuma wannan zato yana cin rayuka. Tamu melanomar ta fi fitowa inda fata ba ta da duhu: tafin ƙafa, diddige, ƙarƙashin farce. Irinta ce ta kashe mawaƙi Bob Marley a 1981. Manomin da ya wuni yana noman gero a Garagumsa, ƙafarsa duk kaushi da faso, in ya ga baƙin tabo a diddige cewa zai yi ƙaya ce ko tuntuɓe. Tabon ya yi ta faɗi, bakinsa ba daidai ba, ya fashe ya zama gyambo. A je wajen wanzami, a barbaɗa gari, a ɗaure da tsumma. Sai kaluluwa ta fito a matsematsi ta ƙi sauka sannan a nufi asibitin Takeita, daga can babban asibitin Damagaram, alhali ciwon ya riga ya yi nisa. Mai buƙatar gashi kuwa sai Yamai, tafiyar fiye da kilomita 800, inda cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa ta fara wannan aiki a 2021.

Abin da ya fi damuna shi ne, ko da maganin ya iso, ba lalle ya yi mana aikin da ya yi wa Carter ba. Sankarar da rana ta haddasa tana ɗauke da ɓarna mai yawa a ƙwayoyin halittarta, shi ya sa sojojin jiki suke saurin gane ta. Ta tafin ƙafa ba rana ce ke kawo ta ba, alamunta kaɗan ne, kuma bincike ya nuna ba ta jin waɗannan magunguna kamar ɗayar. Manyan gwaje-gwajen ma akasari a kan Turawa aka yi su. Dole jami'o'inmu da likitocinmu su nemi a sa majiyyatanmu cikin binciken, a adana samfurin naman da aka yanka, a rubuta adadin masu ciwon.

Zabiya kuwa lamarinsu daban ne. Tasu sankarar ta rana ce tsantsa, tana somawa da ɓawon da ba ya warkewa a leɓe, kunne ko ƙeya, sau da yawa tun suna samari. Tun 2018 akwai cemiplimab, mai kwance dabaibayin sojojin jiki don irin wannan sankara in ta yi nisa, amma shi ma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Yaro zabiya da ake turawa kiwo da tsakar rana kai ba malafa, hannu a waje, ana yi masa illar da za ta bayyana bayan shekaru. Malafa mai faɗi, riga mai dogon hannu, man kare rana da aikin inuwa suna hana yawancin wannan.

Ita kuwa melanoma, in aka yanke ta tun tana sama-sama ba ta nutsa ba, fiye da tara cikin goma na majiyyata suna tsira, kuma aiki ne da likitan tiyata a Damagaram zai iya yi. Abin da ake buƙata shi ne ma'aikacin ɗakin shan magani na ƙauye ya riƙa cewa a cire takalmi ya duba, kuma duk gyambon da ya wuce wata guda bai warke ba a aika a yanki kaɗan a gwada.