Ba Fari Kaɗai Ke Tsumbure Yaro Ba

A teburin mai shayi a Coal Camp, cikin Enugu, na ji wani dattijo yana cewa tamowa ciwon Arewa ce, can inda damina kan yi gardama, hatsi ya ƙone a gona. Nan kurmi kuwa, in ji shi, ruwa har ya yi yawa, doya da rogo ba sa yankewa, saboda haka yaron da ya ƙi girma a nan gadon gajarta ya yi. Maganarsa tana da tushe. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 57 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma sun tsumbure, a Kudu maso Gabas kuwa kashi 18.

Sai dai, Baba, ruwan da ya wuce kima shi ma yana cin jikin yaro. A ambaliyar 2022, wadda ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, Ogbaru da ke maƙwabtaka da Onitsha ta nutse, haka yankin Ahoada a Jihar Ribas. Idan ruwa ya malala haka, masai da kwata da rijiya sukan zama abu guda. Daga nan sai gudawa, sai zazzaɓin cizon sauro. Yaron da ke zawo ko an cika masa ciki, abincin ba ya zama a jikinsa. Ya warke, ya sake kwantawa, wata uku ba ƙari a sikeli. Enugu tana kan tudu, Kogin Neja bai isa gare ta ba, amma gidan hayar da ke shan ruwan rijiya ko na 'yan garuwa bai tsira daga wannan ba da damina.

Sannan a duba tukunya. Yaron Bahaushe a kurmi wake yake ci, da gero, da gyaɗa, kuma yawancinsu a bayan tirela suke zuwa daga Arewa. A Oktoban 2022 ruwa ya shafe hanya a wajen Koton Karfe da Lokoja, manyan motoci suka yi kwanaki a tsaye. Duk lokacin da mudun wake ya tashi, uwa ba ta daina ciyar da ɗanta, tsinka kunun take yi. Ta cire gyaɗa, ta cire kifi, ta koma garin rogo. Ciki zai cika, yaro ya yi barci, amma abin gina jiki babu. Wannan ne ya fi damuna, domin ba ya kuka balle a ji.

Batun gado ma gaskiya ne, iyaye dogaye sukan haifi dogaye. Amma daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, kwana dubu ke nan, abinci da lafiya ne suka fi yanke hukunci kan tsayi da ƙwaƙwalwa, kuma abin da aka rasa a lokacin da wuya a cike shi daga baya. Gajartar uban ma, sau da yawa, tabon yunwar da ya sha ne yana goye.

Don haka da gudawa ta fara, a haɗa ruwan gishiri da sukari, a nemi ƙwayar zinc ta kwana goma zuwa sha huɗu, kada a janye nono. Ruwan sha a tafasa shi. Katin awo kuma a fito da shi daga ƙasan akwati, a kai yaro a ɗora shi a sikeli, ko da yana wasansa lafiya lau.