Ganyen Ayaba da Bokitin Miya: Cin Abinci a Unguwannin Kudancin Indiya

Bahaushen da jinya ko karatu ya kai Indiya da guzurinsa yake tafiya: kilishi, dambun nama, yaji, kuka, daddawa, wani har da garin tuwo. Sai dai jinya ba ta san lissafin guzuri ba. Likita ya ce mako biyu, a wayi gari an shiga wata na biyu, jaka ta yi ƙasa, mai jinya kuma ya gaji da burodi da shayi. Dole ce take sauko da shi daga masauki, ya bi layin bayan asibiti yana leƙe-leƙe. A Chennai, lungunan da ke kewaye da titin Greams, inda asibitin Apollo ya buɗe a 1983, cike suke da ƙananan gidajen abinci, kuma a can ne baƙo yake haɗuwa da Indiyar da fina-finai ba su nuna masa ba. Fim ya nuna mana rawa a kan dutse da koke-koke a tashar jirgin ƙasa, amma bai nuna mana yadda direban a-daidaita-sahu yake cin abincin rana ba.

Gidan kansa ba abin kallo ba ne. Ɗaki ne mai tsawo, fanka tana juyawa a sama, tebura masu saman ƙarfe ko dutse, da famfon wanke hannu a lungu. Mai gida yana zaune a kanta bakin ƙofa, bayansa hoton abin bautarsa da aka rataya wa furanni, turaren tsinke yana ci. A wurare da yawa sai ka biya tukuna a ba ka ɗan tikiti. Ba wanda zai nuna maka wurin zama. Inda ka ga kujera babu kowa, nan ne naka, ko da mutum uku da ba ka sani ba suna cin nasu a teburin. Kafin ka gyara zama an dire maka kofin silba da ruwa, mai rabo ya tsaya a kanka yana jero sunayen abin da ke akwai da sauri kamar mai tilawa. Ana kiransa "anna", wato yaya, ko da ka haife shi.

Abincin safe shi ne inda gwanintarsu ta fi fitowa, kuma da yawansa daga ƙullu ɗaya yake. Tun jiya da rana ake jiƙa shinkafa daban, a jiƙa wani baƙin wake da suke kira urad daban, tare da 'yar hulba. Da yamma a markaɗa su a injin dutse, a haɗa, a sa gishiri, a rufe a bar shi ya kwana. Ba a sa yis. Zafin garin da ƙwayoyin halittar da ke jikin waken su ne suke tayar da shi, kafin asuba ya kumbura ya yi ɗan tsami. Idan aka zuba shi a faranti mai gurabe aka turara, idli ke nan: fari tas, mai laushi, babu ko ɗigon mai, shi ya sa likitocinsu suke ba marasa lafiya. Idan aka ƙara masa ruwa aka shimfiɗa a kan faffaɗan ƙarfe mai zafi, dosa ke nan. Tsayawa kallon mai dosa ya isa nishaɗi. Zai yayyafa ruwa a kan ƙarfen ya ji ƙarar da yake so, ya share da ɗan tsintsiya, ya kamfato ƙullu da ƙaramin kwano, ya murza shi da gindin kwanon daga tsakiya zuwa baki har ya zama kamar takarda. Sai man shanu, sai dunƙulen dankalin turawa da aka dafa da albasa da kurkum, ya naɗe ya miƙa, hannunsa kuma ya riga ya koma kan na gaba. A Vidyarthi Bhavan, wani tsohon gida a unguwar Basavanagudi ta Bengaluru da yake aiki tun 1943, masu rabo suna jera farantan dosa a kan hannu ɗaya tun daga tafi har kafaɗa, su ratsa cunkoso ba tare da ko ɗaya ya zame ba.

Akwai kuma wanda duk 'yar Bauchi da ta gani sai ta yi dariya. Ƙullun da ya kwana biyu ya yi tsami da yawa ba a zubar da shi. Ana yanka masa albasa da ɗanyen barkono, a zuba a kasko mai ramuka, a juya da tsinke. Tamilawa, mutanen jihar Tamil Nadu inda Chennai take, suna ce masa paniyaram. Masa ce a tanda, ba ragi ba ƙari, illa ƙanƙanta da kuma waken da ke ciki.

Daga sha biyun rana zuwa wajen uku, gidan yakan koma wani abu daban. Abinci ɗaya ne ga kowa, farashi ɗaya. Za a shimfiɗa maka ganyen ayaba, tsininsa yana hagunka. Ka yayyafa masa ruwa daga kofinka, ka shafe da hannu. Sai a fara zagayowa: mai gishiri da ɗan yajin mangwaro ko na lemun tsami ya ajiye a gefen sama, mai ɗauke da kwanuka huɗu a maƙale da juna ya sauke maka soyayyen kabeji da kankararriyar kwakwa, da wani faten kabewa da wake, sannan a ɗora maka appalam mai ƙaras-ƙaras. Bayansu mai shinkafa zai zo ya tula fara sol a tsakiya.

Cin yana da tsari, kuma baƙon da bai sani ba yakan cakuɗa komai lokaci guda ya ɓata wa kansa. Shinkafar kashi uku ake yi mata. Kashin farko na sambar ne, miya mai kauri da ake yi da wake da tsamiya da kayan lambu, ana kawo ta a bokitin silba da ludayi. A cikinta ne za ka ci karo da wasu sanduna kore, tsawon ɗan yatsa. 'Ya'yan zogale ne. Mu ganyen muka sani, su kuwa kwanson suka fi so. Ana tsotse cikin a ajiye ɓawon a gefen ganye. Kashi na biyu na rasam ne, romo tsararo na tsamiya da tumatir da masoro da tafarnuwa, mai buɗe hanci. Na ƙarshe na kindirmo ne: a kwaɓa da shinkafa da gishiri, a riƙa ɗanɗana yajin mangwaron nan. Wanda ya fara jin labarin shinkafa da nono yakan yatsina fuska, amma bayan yajin da ya gabata, ciki da kansa yake neman ta. A gidajen mutanen jihar Andhra, waɗanda suka fi kowa hannu a barkono, akwai wani kwaɗo mai tsami da suke ji da shi, gongura. Yakuwa ce.

Duka da hannun dama ake ci, kuma ƙari kyauta ne. Muddin ba ka tare ganyenka da hannu ka ce "podum", ya isa, ba za a daina zuba maka ba. In ka gama ka ninke ganyen zuwa wajenka, alamar ka ji daɗi. A al'adar Tamilawa, a gidan makoki ne ake ninke shi ta ɗaya ɓangaren.

Barkonon da ya zama tambarin girkinsu baƙo ne a ƙasar. Daga nahiyar Amurka yake, Turawan Fotugal ne suka shigo da shi bayan Vasco da Gama ya sauka a Calicut a 1498 suka kuma kama Goa a 1510. Dankalin da ke cikin dosa da tumatirin rasam su ma daga can suke. Kafin nan masoro ne yajinsu.

Yawancin irin waɗannan gidaje ba sa dafa nama, ba kifi, ba ƙwai, kuma suna rubuta haka ɓaro-ɓaro a allon ƙofa. Kada a ɗauka duk 'yan Indiya haka suke: binciken cibiyar Pew na 2021 ya nuna kashi 39 cikin ɗari ne na manyansu suke cewa ba sa cin nama, a kudu ma masu ci su ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba. Ga Musulmi baƙo dai wannan allo sauƙi ne, don ya raba shi da tambayar waye ya yanka. Ni a ganina wanda ya nace sai ya nemo biriyani kullum, alhali ga wannan a bakin ƙofarsa, kansa ya cuta. Aibin abincin ɗaya ne, shinkafa ta yi masa yawa, mai ciwon suga sai ya yi hattara da ƙarin nan na kyauta.

Da yawa daga gidajen suna ɗauke da sunan Udupi, wani gari a gaɓar tekun jihar Karnataka. A can akwai wurin bautar Krishna da malamin addinin Hindu Madhvacharya ya kafa a ƙarni na 13, inda aka daɗe ana ciyar da dubban masu ziyara. Girkin taro ya zama sana'ar mutanen yankin, da talauci ya koro su birane sai suka tafi da ita. Yaro yakan fara da wanke kofuna da goge tebur, ya zama mai rabo, ya shiga kicin, wata rana ya buɗe nasa ya aika ƙauye a turo masa yara. 'Yan gidan Maiya, daga wannan yanki, su suka buɗe shagon da ya zama MTR a Bengaluru a 1924. Gidan yana cewa shi ya ƙirƙiro idlin garin alkama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da shinkafa ta yi wuya. A zamanin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi, wadda ta fara a 1975, gwamnati ta ƙayyade farashin abinci, MTR ya ga ba riba ya rufe na ɗan lokaci, ya koma sayar da haɗin gari a leda. Wannan dabarar ta wucin gadi ce ta zama babban kamfani.

Sunan farko na shagon nan shi ne Brahmin Coffee Club, kuma a nan ne labarin yake da nauyi. Zaman da ka yi ɗazu kafaɗa da kafaɗa da mutanen da ba ka sani ba, wanda ko a jikinka, sabon abu ne a Indiya. A tsarinsu na raba mutane aji-aji bisa haihuwa, abinci ne babbar katanga: wa ya dafa, wa ya taɓa, da wa aka zauna. Brahmin, ajin malaman addini, kowa yana iya cin girkinsa, shi ya sa sunan ya zama talla. Amma shi ba ya cin na kowa. Gidajen abinci na farkon ƙarni na 20 suna da ɗaki daban na 'yan wannan aji, na can ƙasan tsarin, waɗanda ake kira Dalit a yau, kuwa ko ƙofar ba sa tsallakawa. Kundin tsarin mulkin 1950 ne ya hana wannan ƙarara: sashe na 15 ya ambaci shaguna da gidajen abinci da suna, sashe na 17 ya soke ƙyamar taɓa wani aji. Doka dai ba ta goge allo. A 1957 Periyar Ramasamy, mai yaƙi da wannan wariya, da mabiyansa suka bi gidajen abincin Madras, wato Chennai ta yanzu, suna neman a cire kalmar Brahmin daga allunansu, aka yi ta kama su.

Sauran abin bai gushe duka ba. Lura da maƙwabcinka in zai sha ruwa: zai ɗaga kofin sama ya tsiyaya a baki, leɓensa bai taɓa ƙarfen ba. Yau tsafta ake kiransa, kuma tsaftar ce, amma tushensa gudun yawun wani ne. A wasu ƙauyukan Tamil Nadu har yanzu jaridu suna kawo labarin masu shayin da suke ware wa Dalit kofunansu daban. Birni ne ya karya abin, don ma'aikacin da yake da rabin awa ya ci ya koma ofis ba shi da lokacin tambayar asalin wanda ke gefensa.

Ana rufewa da gahawa. Ana tace ta a hankali a wani ɗan gwangwani mai hawa biyu, a haɗa da tafasasshiyar madara da sukari, a kawo a kofin silba da ke zaune cikin ɗan kwano. Kai za ka riƙa juye ta daga wannan zuwa wancan har ta huce ta yi kumfa. Labarin da suke bayarwa shi ne wani sufi Musulmi, Baba Budan, ya ɓoyo ƙwaya bakwai daga Yaman a hanyarsa ta dawowa daga Hajji a ƙarni na 17, ya shuka a tsaunukan Chikmagalur na jihar Karnataka. Tsaunin yana ɗauke da sunansa, Karnataka kuma ita ce take noma mafi yawan gahawar ƙasar. A Bengaluru abokai biyu sukan sayi kofi ɗaya a raba musu biyu, mai gida bai ga laifinsu ba.

Arhar abincin unguwa har siyasa ta shiga. A 2013 Jayalalithaa, babbar ministar Tamil Nadu, ta buɗe gidajen abincin gwamnati da ake kira Amma, inda idli ɗaya yake rupi 1, shinkafa da sambar rupi 5, shinkafa da kindirmo rupi 3. Karnataka ta bi sahu a 2017 da nata masu sunan Indira. Jayalalithaa ta rasu a 2016, abokan hamayyarta na jam'iyyar DMK suka karɓi mulki a 2021, suka ci gaba da tafiyar da gidajen, kuma ba su canza musu suna ba.